RIGAR WA ZA MU BA YARO YA SA?

Yau hirarmu a kan wasa take. Kada ka ce wasa na yara ne ka juya takarda. Dakata tukuna, akwai magana a ciki.

Ko a Tasawa ko a Mayahi, ko a Korgom ko a Kanambakashe, duk inda ake cajin salula za ka tarar da samari sun haɗa kawuna. Yatsu na rawa, ana ihu, ana dariya. In ka leƙa, sai ka ga wani ɗan mutum cikin gilashi yana gudu, yana tsalle, yana sara. Wannan shi ake kira wasan bidiyo.

Wasan nan ba daga sama ya faɗo ba. Mutum ne ya zauna ya ƙago shi, kamar yadda maƙeri ke ƙera hauya. Shi ya zaɓi labarin, shi ya kafa dokokin. To, a ce gobe ɗanka ko ƙanenka ya koyi aikin kwamfuta. Ya zo ya durƙusa gabanka ya ce: “Baba, ina so in ƙago nawa wasan da labarin ƙasarmu, ka ba ni shawara.” Me za ka ce masa? Amsar wannan tambaya muke nema yau.

WANE IRIN WASA NE?

Wasannin bidiyo iri-iri ne. Akwai na ƙwallo, akwai na tseren mota. Wanda muke magana a kai, bari mu kira shi wasan shiga-riga. Mai wasa yana shiga rigar wani mutum na cikin labari, ya zama shi. In mutumin ya yi tafiya, kai ka tafiyar da shi. In ya yi faɗa, yatsunka ne ke faɗan, kuma sai kana da zafin nama. In aka yi masa tambaya, kai za ka zaɓi amsa. Yana farawa da rauni, ba shi da komai. Sannu a hankali ya ƙara ƙarfi, ya sami kaya, ya yi suna, har ya kai ga babban abokin gaba a ƙarshen labari.

Shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne gare mu. A Damagaram ana wasan kara, inda talaka ke yin shigar sarki ko gwamna, yana kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, jama'a na dariya. Cikin watan azumi yara na tashe, yaro ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho. Da dare kaka na yin tatsuniya, ta yi muryar Gizo, ta yi ta Ƙoƙi. Bambancin guda ne. A tatsuniya yaro saurare yake. A wasan shiga-riga, da hannunsa yake aikatawa, kuma yana maimaitawa sau ɗari, sau dubu.

Ba Turawa da mutanen Japan kaɗai ke ƙera irin wannan wasa ba. A Yawunde, babban birnin Kamaru, wani saurayi mai suna Olivier Madiba ya fara tunanin nasa tun shekarar 2003. A 2013 shi da abokansa suka kafa ma'aikata mai suna Kiro'o Games. Sun sha fama da rashin kuɗi da ɗaukewar wuta. Sai a watan Afrilu na 2016 wasan ya fito, sunansa Aurion. Labarin wani yarima ne, Enzo, da matarsa Erine. Ranar aurensu da naɗinsa, ɗan'uwan matar ya ƙwace sarauta. Suka fita gudun hijira suna neman mataimaka, ƙarfin yariman kuma daga gadon kakanninsa yake fitowa. A nan Nijar ma, a Yamai, wani matashi mai suna Mahaman Sani Housseyni Issa ya ƙera wasa mai suna Les Héros du Sahel, wato Jaruman Sahel. Jaruminsa Shamsu daga rana yake samun ƙarfi. Ka ga ke nan abin ba ya fi ƙarfin ɗan Tasawa ko ɗan Mayahi ba.

TAMBAYOYI HUƊU

Kafin a aza tubali sai an auna fili. Haka mai ƙera wasa, kafin ya taɓa kwamfuta sai ya amsa tambayoyi 4 a kan takarda.

Ta farko: wane ne mutumin da za a shiga rigarsa? Ta biyu: a wace ƙasa yake, a wane zamani? Ta uku: me yake nema, me kuma ya tare masa hanya? Ta huɗu: da me yake girma? Wato wane aiki ne in ya yi shi, wasan zai ƙara masa maki da ƙarfi?

Uku na farko su ne ido ke gani: riga, rawani, doki, birni. Amma ta huɗu ita ce cibiya, kuma ita ce ba a cika kula da ita ba.

Ɗauki dara misali. Gurbi 30 ne a ƙasa, kowa da ƴaƴa 12. In ka jera 3 ka ci ɗaya na abokin wasanka. In ka jera 4 ba ka ci komai ba. Babu wanda ya taɓa yi maka wa'azi a bakin dara. Amma dokar da kanta ta koya maka haƙuri, da hangen abin da zai zo, da cewa yawa ba shi ne ci ba. Da a ce an sake dokar, an ce wanda ya fi saurin wawure ƴaƴan abokinsa shi ya ci, da wani hali dabam dara za ta koyar. Ashe dokar wasa malama ce mai koyarwa ba da baki ba.

To, mece ce dokar mafi yawan wasannin shiga-riga? Ga ta a taƙaice. Ka kashe, a ba ka maki. Ka laluba gawar, ka sami kuɗi da makami. Ka shiga gidan mutane ka fasa tukwane da akwatuna, abin da ka samu naka ne. Da makin da kayan za ka ƙara ƙarfi. Da ƙarfin za ka kashe wanda ya fi na baya. Haka har ƙarshe, sai a ce kai ne jarumi.

Ɗan'uwa, mu a ƙasar nan mun taɓa ganin mutum mai bin wannan doka. Ba cikin gilashi ba, a kan rairayinmu.

ABIN DA YA FARU A 1899

A farkon shekarar 1899 wani ayarin sojan Faransa ya taso daga bakin kogin Kwara ya nufo gabas. An aike su ne su kai tafkin Cadi. Shugabanninsu biyu ne, Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine. A bakinmu sai mu ce Bule da Shanuwan. Turawan ƴan kaɗan ne. Masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne da aka ɗebo daga ƙasashen yamma. Tare da ƴan dako da matan da aka kama, ayarin ya wuce mutum 1000.

Irin wannan taro yana son hatsi da ruwa kullum. Bule bai saya ba, bai roƙa ba. In ya iso gari sai a kwashe rumbuna, a kora dabbobi, a kama maza su yi dako, a kama mata, a cinna wa garin wuta. Wanda ya yi gardama a kashe shi. Wanda ya gaji da kaya a hanya a kashe shi. A watan Afrilu suka auka wa Lugu, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare su da baka da kibiya. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Daga nan suka shigo ƙasar Maradi, suka yi ɓarna a Koran Kalgo, suka iso ƙasar Tasawa.

Dubi lissafin Bule da kyau. Kowane gari da ya ci, hatsinsa ya ƙaru, dabbobinsa sun ƙaru, bayinsa sun ƙaru, tsoronsa ya ƙara yaɗuwa. Da a cikin wasan bidiyo ne, da makinsa ya cika allo.

Labarin ɓarnar ya kai Faransa ta wasiƙar wani hafsa da aka kora daga ayarin. Gwamnatinsu ta aiko Kanal Klobb ya bi sawunsu ya karɓe shugabanci. Bai sha wahalar gane hanya ba, toka da gawarwaki suka nuna masa. Ran 14 ga Yuli 1899 ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa. Bule ya sa aka harbe shi, alhali kuwa na gaba da shi ne. Sa'an nan ya shaida wa mutanensa cewa ya rabu da Faransa, zai kafa tasa daular. Sojojin suka ga in sun bi shi ba su ba komawa gida. Suka juya masa baya. Ran 16 ga Yuli suka kashe Shanuwan. Washegari, 17 ga wata, aka harbe Bule. A Maijirgi aka rufe su, cikin gundumar Tasawa, a kan hanyar Damagaram.

Mutumin da ya ƙone garuruwa bai faɗi a hannun wani babban sarki ba. Bindigar da ya ba wani ya riƙe masa ita ta kashe shi. Shi ya sa Bahaushe ya ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Mutuwar Bule ba ta tsai da ayarin ba. Sauran hafsoshin suka ci gaba. A ƙarshen watan Yuli suka ci Damagaram, a watan Satumba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Mulkin mallaka ya kafu, bai ƙare ba sai 1960. Waɗanda aka kashe kuwa ba su dawo ba. Riƙe wannan a ranka, za mu koma kansa.

RIGAR WA?

Yanzu mu koma ga yaronmu mai son ƙera wasa. A ce ya zaɓi shekarar 1899, ya zaɓi ƙasar Tasawa da Gulbin Kaba. Rigar wa zai ba mai wasa?

Kowa zai ce ba ta Bule ba. Gaskiya ne. To, amma ga tarkon. Yaron zai iya zana jarumi baƙi, ya sa masa rawani da laya, ya ba shi suna na Hausa, ya hau da shi kan doki. Sa'an nan ya bar dokar yadda ya same ta: kashe, kwashe, ƙara ƙarfi. In ya yi haka, rigar ce kawai tamu. Wanda ke cikin rigar Bule ne. Yaranmu za su wuni suna koyon lissafinsa, suna tsammani tarihin kakanninsu suke girmamawa.

Don haka shawarar farko da za ka ba shi ita ce: kada ka tsaya ga sake riga, sake doka.

A ce jarumin saurayi ne ɗan wani ƙauye na Gulbin Kaba. An kama shi ya yi dako. Wani dare ya kwance igiya ya tsere. Ya san inda ayarin ya nufa, ya san rijiyoyin hanya. Aikinsa shi ne ya riga su isa kowane gari, ya faɗakar da mutane, ya taimaka a ɓoye hatsi, a fitar da tsofaffi da yara zuwa daji. Akwai gudu a ciki, akwai ɓuya, akwai kokawa da mai gadi, akwai harbin kibiya in an rutsa shi. Zafin nama bai ragu ba ko kaɗan.

Da me zai girma? Da amana. Duk mutumin da ya fitar lafiya, sunansa ya ƙara nauyi. Garin da ya ceta su ba shi guzuri, maƙerinsu ya gyara masa kibau, maharbinsu ya koya masa sawun daji, wata tsohuwa ta nuna masa ganyen da ke tsai da jini. In ya iso gari na gaba, labarinsa ya riga shi, sai a yarda da maganarsa da wuri. In ba a san shi ba, mai gari zai ce: “Wa ya aiko ka? Mu bar rumbunanmu don maganar yaro?” Kafin ya shawo kansa, ƙurar ayarin ta bayyana.

Kada a hana mai wasa yin mugunta. In an hana shi, babu zaɓi, in kuwa babu zaɓi babu hali. A bar masa hanya. Ga rumbu mai shi ya gudu, yana iya kwashewa. Ga raƙumin wani, yana iya sacewa ya yi sauri. Ga sojan da ya faɗi yana roƙon rai, yana iya kashe shi ya ɗauki bindiga. In ya yi haka, ƙarfinsa ya hau nan da nan, don a duniya ma haka take. Amma wasan ya riƙe lissafi na biyu wanda ba ya gani. Sannu a hankali ƙofofi su riƙa rufewa. A ɓoye masa guga. Abokan tafiyarsa su riƙa raɗa in ya juya baya. Wata rana ya farka ya ga ba kowa, ko ya ga kibiyar nasa ta nufo shi. Wannan doka ba yaron ya ƙago ta ba. A Maijirgi aka rubuta ta.

Wani abu kuma. Wanda ya mutu cikin labarin kada ya tashi. A yawancin wasanni, in ka bar gari ka dawo, sai ka tarar da waɗanda ka kashe sun sake tsayuwa, ka sake kashe su don ƙarin maki. A wasan yaronmu kowa da sunansa da danginsa. In an rasa maƙeri, maƙera ta mutu har ƙarshen wasa, ka riƙa ganin ɗiyansa a zaune bakin toka.

MASU GARDAMA

Wani zai ce: “Malam, ka cika tsanani. Wasa ai wasa ne. Mun yi yaƙin kara muna yara, ba mu zama ƴan fashi ba.” Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Yaro ya san bambancin gilashi da mutum. Ba mu ce duk wanda ya yi harbi a salula zai ɗauki bindiga ba. Dubban yara na wasan nan, kuma masu ladabi ne. Abin da ke kai saurayi daji ya fi wasa nauyi: talauci, zalunci, rashin aiki, mugun aboki. Amma mai ƙera wasa ba za a tambaye shi abin da yaro ya aikata ba. Za a tambaye shi abin da shi ya yaba. Maroƙin da ya wasa ɓarawo bai yi sata ba, amma kowa ya san bakinsa ya yi abin kunya. Maki kirari ne. Duk aikin da ka sa wa maki, ka yi masa kirari ke nan, kuma a kunnen yaro ka yi shi, shi kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani kuma zai ce: “Wasa in babu jini lami ne, ba mai saye.” To, ka taɓa zuwa filin kokawa? Tun 1975, da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka, duk Nijar ke tsayawa cik in ana karawa. Mai gona ya bar gona, mai shago ya manne da rediyo. Ba a kashe kowa. An kada mutum, ya tashi ya kaɗe rairayi, wani lokaci wanda ya kada shi ne ke ɗaga shi su rungumi juna. Daɗin yana cikin gwaninta da dabara, da rashin sanin wa zai faɗi. A wasan bidiyo ma an gwada. A 2015 wani matashi ɗan Amurka, Toby Fox, ya fitar da wasa mai suna Undertale. Kana iya gama shi ba ka kashe kowa ba. In kuwa ka bi hanyar kisa, a ƙarshe wasan zai bayyana maka cewa makin da kake murna da shi lissafin rayukan da ka ɗauka ne. Wasan ya karɓu a duniya, miliyoyin mutane sun yi shi.

Gardama ta uku ta fi sauran nauyi. Dattijo zai ce: “Kakannina ne aka kashe. Jininsu ba abin wasa ba ne. Ku bar matattu su huta.” Wannan magana ba a amsa ta da gaggawa. Ai an riga an ba da labarin ta wasu hanyoyi. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986, mutane da yawa ta nan suka san abin da ya faru. Amma kallo dabam, wasa dabam. Don haka yaron yana da bashi. Kafin ya zana komai, ya je Maijirgi, ya je Dankori, ya je Ƙonni, ya cire takalmi ya zauna gaban dattawa. Ya ji labarin daga bakin masu shi. In suka ce wuri kaza kada a nuna, kada ya nuna. In suka ce a'a gaba ɗaya, ya sake sunayen garuruwa, ya mai da abin tatsuniya. Labarin mutane amana ne. Wanda zai gina wasa a kan amana ba zai fara da cin amana ba.

KADA A YI ƘARYA TA BIYU

Mun ce za mu koma kan abin da ya biyo bayan mutuwar Bule. Ga dalili. Ƙarya ta farko ita ce a ce mai kisa da kwasa shi ne jarumi. Akwai kuma ƙarya ta biyu mai daɗin ji. Ita ce a sa saurayinmu ya kori ayarin shi kaɗai, ya hana mulkin mallaka, kowa ya koma gida lafiya. Haka bai faru ba. In wasa ya koya wa yaro cewa mai gaskiya kullum shi ke ci, ranar da ya ga azzalumi ya ci riba a kasuwa sai ya ce ashe ruɗinsa aka yi, ya watsar da gaskiyar duka.

A wasan yaronmu ayarin zai wuce ko an so ko an ƙi. Wasu garuruwa za su ƙone ko mai wasa ya kai gwanin gwanaye. Cin wasa shi ne mutum nawa ka fitar, kuma wane irin mutum ka zama kafin ka kai ƙarshe. A nan ne ma'anar jarumi take. Ba lalle ne ya zama wanda ya ci yaƙi ba. Shi ne wanda in an ga ƙurarsa daga nesa, mata ba su kwashe ɗiyansu su gudu ba.

Irin wannan girma na sannu a hankali mun san shi a gonakinmu. Bayan yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, manoman Maradi suka rungumi sassabin zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a bar masu ƙarfi, a gyara su, a tsare su daga gatari da awaki. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa dabarar, amma hannun manoma ne ya yi aikin. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 suka tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wanda ya sare gawo ya sami kuɗin icce yau. Wanda ya bar shi ya sami taki da inuwa da abincin dabba shekara da shekaru. Ka ga lissafi biyun nan da muka faɗa, na gaggawa da na nesa. Manomi ya san su tun kafin a ƙago kwamfuta.

NAKA AIKIN

Wataƙila ka ce: “Ni ban san kwamfuta ba, ina ruwana?” Da ruwanka. Aikin kwamfuta ana koyonsa cikin ƴan shekaru. Abin da ba a koyo a can shi ne abin da ke hannunka: sunayen rijiyoyi, hanyoyin da, yadda kakarka ta ce sun ɓuya, wane ne ya ba maƙwabci iri a shekarar yunwa. In ba ka faɗa wa yaro ba, zai ari labarin wasu da dokar wasu, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ko da ɗanka ba zai taɓa ƙera wasa ba, yana yin wanda wasu suka ƙera. Ba sai ka fizge salular ba. Zauna kusa da shi ka ce ya nuna maka. Ka tambaye shi: “Kai wane ne a nan ciki?” Ka sake tambayarsa: “Me ka yi aka ƙara maka ƙarfi?” Ka ƙara da: “Waɗannan da ka kashe, me suka yi maka? Suna da iyali?” Zai yi dariya, ya ce Baba ai wasa ne. Ka yi dariyar tare da shi. Sa'an nan ka ba shi labarin Maijirgi.

Tambayar nan ta huɗu ba ta yara kaɗai ba ce. Kowane gida da kowane gari yana da tasa dokar ba da maki. Wa muke tashi wa in ya shigo? Wa maroƙa ke wasawa ranar biki? Wa muke ba ɗiyarmu ba mu tambayi inda ya samo dukiyarsa ba? Yara na kallo, kuma sun fi mu iya gane dokar wasa. Abin da suka ga ana saka wa mutum a kansa, shi za su bi, ko mun yi musu wa'azi dare da rana.

Allah shi ba mu ɗiya masu amana, shi ba mu damina mai albarka, shi jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin. Wassalam.